Fiat CR.32 ko CR.42: Wanne Mai Haɗa Ƙananan Jirage Zai Fara Da Shi?

Duk wanda ya jima yana haɗa ƙananan jiragen sama, ko na kwali da katako da waya ne, ko na roba da ake sayowa a harhaɗa da gam, akwai ranar da zai gaji da masu fiffike ɗaya ya ce bari ya taɓa mai fiffike hawa biyu. In kuwa idonsa ya faɗa kan na Italiya, zaɓin ba ya wuce jiragen faɗa guda biyu: CR.32 da ƙanensa CR.42. Injiniya ɗaya ne ya zana su, Celestino Rosatelli na kamfanin Fiat da ke Turin. Na farkon ya fara tashi ranar 28 ga Afrilun 1933, na biyun ranar 23 ga Mayun 1938. A hoto daga nesa sai ka rantse jirgi ɗaya ne aka sake wa hanci. Da ka ɗauki reza da sanfefa za ka gane aikinsu ba ɗaya ba ne, labarinsu ma ba ɗaya ba ne.

Ra'ayina tun da wuri: mai sassaƙa da hannunsa, wanda yake son jirgin da zai nuna gwanintar injiniyoyin Italiya tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, ya ɗauki CR.32. Wanda zai sayo na roba, ko kuma wannan ne karonsa na farko da mai hawa biyu, CR.42 zai fi yi masa sauƙi. Amma akwai wuraren da wannan hukunci yake juyewa.

Abin da ya haɗa su shi ne fukafukai, kuma shi ne dalilin da ya sa nake tura mutane wajen Fiat kafin jiragen Ingila na zamanin. Yawancin masu hawa biyu, irin su Gloster Gladiator, an ɗaure fiffiken sama da na ƙasa da wayoyi masu yawa da suka gitta juna. A jirgin gaske bakanikai ne suke shan wahalar ɗaure su daidai. A ƙaramin jirgi kai ne za ka sha ta, da zare da allura da gam mai kama yatsa. Rosatelli ya bi wata hanya. Ya sa sandunan tokara na ƙarfe a karkace, ɗaya ta jingina nan ɗaya ta jingina can, har in ka tsaya gaban jirgin sai ka ga sun zana harafin W a kowane gefe. Irin ƙarfen da masu walda ke yi wa rufin rumfar gidan mai ke nan, alwatika bayan alwatika, kowace sanda tana ɗaukar ja ko danna ita kaɗai. Wayoyin da suka rage 'yan kaɗan ne. Tun a CR.20 na 1926 wannan tsari ya zauna masa, ya bi da shi ta CR.30 na 1932, bai sake shi ba har CR.42. Fiffiken ƙasa kuma gajere ne kuma siriri, na sama shi ke ɗaukar yawancin nauyin, abin da ya buɗe wa matuƙi ganin ƙasa.

To amma kada murnar rashin waya ta ruɗe ka. Sandar da take tsaye tana yafe kuskure, karkatacciya ba ta yafewa. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo da milimita ɗaya, fiffiken sama zai zauna a murɗe, kuma duk wanda ya shigo ɗakin shi zai fara gani. Wannan wahalar daidai take a jiragen biyu, saboda haka ba ta raba gardama.

Inda gardamar take shi ne hanci.

CR.32 yana ɗauke da inji Fiat A.30 RA, silinda 12 a jere biyu masu siffar V, mai sanyaya da ruwa, ƙarfin doki kusan 600. Injin da ake sanyayawa da ruwa siriri ne, shi ya sa hancin jirgin ya fito dogo, amma dole a nema wa lagireto wurin zama, sai aka sa shi a haɓa, ƙarƙashin farfela, da baki zagayayye. Ka dubi hoton gaban jirgin da kyau: farfela mai ruwa biyu, ƙarƙashinta wannan bakin a buɗe, a sama bakunan bindigogi biyu kwance kan murfin inji, a gefe gajerun bututun hayaƙi a jere. Babu wuri guda a hancin nan da yake zagaye sak ko miƙe sak. Ko'ina lanƙwasa ce ke shiga cikin wata lanƙwasar. Mai sassaƙa katako zai ci kwanaki a nan, yana shafawa yana ɗagawa ga haske, kuma in ya dace ya samu abin nunawa. Ga kuma wasu ƙananan abubuwa biyu da ke bambanta wanda ya lura da wanda ya kwaikwayi hoto ɗaya: wani ɗan tankin mai na ko-ta-kwana mai dogon ƙulli a tsakiyar fiffiken sama, da wasu 'yan faranti da aka ɗora kan ƙafafu a saman bakin fiffiken, waɗanda aikinsu rage wa matuƙi nauyin sanda idan zai karkata jirgin. In ka bar su, masu ido za su ce CR.32 ɗinka bai cika ba.

Injin nan yana da wani hali da ya dame shi daga baya. Ba ya shan man jirgi na yau da kullum, sai haɗin fetur da barasar inji da benzol. A filin gida ba matsala. A sansanin da ke ƙarshen duniya, inda komai sai an kawo, wani ciwon kai ne.

CR.42 kuwa an sa masa Fiat A.74, silinda 14 da aka jera a da'ira hawa biyu, iska ce ke sanyaya shi, ƙarfin doki kusan 840, da na'urar cusa iska da ke riƙe masa ƙarfinsa har tsayin mita 3,800. Farfelarsa mai ruwa uku ce, tana sauya kwanciyar ruwanta da kanta. Ba lagireto, ba ruwan da harsashi ɗaya zai tsiyayar. Ga mai gini, ma'anar wannan ita ce hancin zobe ne kawai. Murfin kwalbar turare ko guntun bututun roba mai faɗin da ya dace ya gama maka rabin aiki. Sai dai bakin zoben a buɗe yake, ana hango silindoji bakwai na gaba, kuma kowa sai ya leƙa. A na roba an riga an zuba maka injin, fenti kawai za ka yi. In da hannu ne, sai ka naɗa siririyar waya a jikin tsinke sau bakwai iri ɗaya, aikin da ba wuya gare shi ba sai cin rai. Ni dai na fi ganin sassaƙa hancin CR.32 a matsayin aiki mai daɗi, amma na san masu cewa gara su naɗa waya.

Girman su kusan ɗaya ne, don haka wurin ajiya ba zai zaɓa maka ba. Faɗin fiffiken saman CR.32 mita 9.5 ne, na CR.42 mita 9.7, tsawon jiki kusan mita 7.5 da kuma mita 8.25. A sikelin 1/72, wato an rage girman jirgin gaske sau 72, fiffiken kowanne bai wuce santimita 13 da ɗoriya ba, a 1/48 kusan 20, a 1/32 kusan 30. Mai yi da hannu ya fi samun sauƙi a 1/20, inda fiffiken zai kai santimita 47.5 zuwa 48.5, lissafi kuma ba ya wahala. Gangar jikin duka biyun ƙashin bututun ƙarfe ne, gaba an rufe da faranti, baya an lulluɓe da yadi da aka shafe da fenti mai ƙarfafa shi. Shi ya sa ake ganin layukan haƙarƙari a bayan kujerar matuƙi da kan fukafukai. Kada ka shafe su sumul.

Maganar na roba gajeriya ce, kuma CR.42 ne ya ci. Kamfanin Italeri na da shi a 1/72 da 1/48, kamfanin ICM na da shi a 1/32. CR.32 ya fi wuyar samu, abin da ake samu kuma sau da yawa tsohon zubi ne da sai ka yi ta gyara. Wanda zai yi oda daga waje ya biya kuɗin kawowa, gara ya sayi abin da zai haɗu ba tare da kokawa ba.

Sai tarihi, wanda a ganina shi ne ya kamata ya fi nauyi, domin jirgin da za ka ajiye a kan kanta shekara da shekaru za a riƙa tambayar ka labarinsa.

CR.32 ya zo a kan lokacinsa. A 1933 mai hawa biyu da ke gudun kusan kilomita 360 a awa yana sahun gaba a duniya. Sojan saman Italiya na lokacin sun ɗauki wasan gwaninta a sama da muhimmanci ƙwarai. A Campoformido, kusa da Udine, Rino Corso Fougier ya kafa al'adar tashi a jere fiffike dab da fiffike, kuma CR.32 ne suka yi ta yawo da shi suna burge jama'a a Turai da Kudancin Amurka. Ciniki ya biyo baya: Sin, Ostiriya, Hungary, Paraguay da Venezuela duk sun saya. Daga Agustan 1936 aka fara kai shi Sifaniya don taya Janar Franco yaƙin basasa, har adadin ya kusa 400. Can suka sa masa suna Chirri, daga baya ma kamfanin Hispano na Sifaniya ya ƙera nasa da lasisi. Joaquín García Morato, wanda ya fi kowa harbo jirage a ɓangaren Franco da guda 40, yawancinsu a CR.32 mai lamba 3-51 ya yi su, a cikinsa kuma ya mutu a Afrilun 1939, 'yan kwanaki bayan gama yaƙin, yana wasan gwaninta.

Me ya ba shi wannan nasara? Ƙarfin jiki da bindiga. Tsarin W ɗin nan ya sa matuƙi zai iya sako shi daga sama da gudu ya fizge shi ba tare da tsoron fiffike ya rabu ba. Bindigoginsa biyu Breda-SAFAT masu milimita 12.7 sun fi na Polikarpov I-15 na Rasha nisa da nauyin harsashi. An gwada ƙara wasu biyu ƙanana a fiffiken ƙasa a samfurin da ake kira bis, nauyi ya yi yawa, aka koma biyu a ter da quater. In za ka gina, ka san wanne kake yi tun kafin ka yanka fiffike.

Amma a Sifaniyar nan dai akwai gargaɗi ga mai son ji. Polikarpov I-16, mai fiffike ɗaya da tayoyin da ke naɗewa, ya fi CR.32 gudu nesa ba kusa ba. Jirgin bama-bamai Tupolev SB ma ya fi shi gudu, ba ya kamuwa sai an riga shi hawa sama an faɗo masa. Matuƙan Italiya sun yi ta cin nasara duk da haka, saboda horo da dabara, sai manyan hafsoshi suka karanta nasarar a matsayin shaidar cewa juyawa a ƙaramin fili ya fi gudu. Daga wannan karatu aka haifi CR.42.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne lissafin shekarun. Masu fiffike ɗaya irin su Hurricane na Ingila da Messerschmitt Bf 109 na Jamus sun tashi tun 1935, Spitfire na Ingila a 1936. A gida ma, Fiat G.50 ya tashi a farkon 1937, Macchi C.200 a ƙarshenta, duka masu fiffike ɗaya, duka da wannan injin A.74 ɗin. Wato ranar da CR.42 ya fara barin ƙasa, kamfanin da ya ƙera shi ya riga ya mallaki jirgin da ya kamata ya gaje shi. Duk da haka aka yi ta ƙera shi har kusan 1,800, fiye da kowane jirgin faɗa na Italiya a yaƙin duniya na biyu, alhali CR.32 da Italiya ta ƙera sun ɗan haura 1,000 ne. A matsayin injiniyanci ba a raina shi: yana gudun kilomita 430 zuwa 440 a awa, yana hawa sama da mita 10,000, kuma matuƙan Ingila da suka yarda suka shiga juyi da shi sun ji a jikinsu. Sai dai kujerarsa a buɗe take, tayoyi a kafe, bindiga biyu kacal, yawancinsu ba rediyo, na farkon ba sulke. A Nuwamban 1940 Mussolini ya tura su daga Beljiyam su raka masu bama-bamai zuwa gaɓar Ingila. Ka ƙaddara mutum a buɗaɗɗiyar kujera a kan tekun arewa cikin sanyin Nuwamba, ba ya iya magana da abokin tafiyarsa sai da hannu. Ranar 11 ga watan Hurricane suka tare su wajen Harwich. Ɗaya ya sauka dole a bakin ruwan Orfordness, kusan lafiyarsa ƙalau, kuma shi ne yau yake gidan tarihin sojan saman Birtaniya.

Wannan jirgin da aka kama ya zama alheri ga masu gini, domin an ɗauke shi hoto ta kowace kusurwa. Akwai wani a gidan tarihin sojan saman Suwidin a Linköping, daga cikin 72 da ƙasar ta saya ta kira su J 11, akwai kuma a Vigna di Valle a bakin tafkin Bracciano kusa da Rum. CR.32 da suka rage ƙirar Sifaniya ne, ɗaya a Vigna di Valle, ɗaya a Cuatro Vientos na Madrid. Hotunan cikin kujera da ƙafafun taya na CR.42 sun fi yawa a intanet, wannan ma maki ne a gare shi.

Akwai fage ɗaya da jiragen biyu suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, kuma ya fi kusa da mu: gabashin Afirka a 1940 zuwa 1941. Da Italiya ta shiga yaƙi, hanyar ruwa zuwa Habasha da Eritiriya ta toshe, sai aka riƙa kwance fukafukan CR.42 ana cusa shi cikin babban jirgin dako SM.82 ana tsallaka hamada da shi. A can Mario Visintini ya harbo aƙalla jirage 16, adadin da babu matuƙin mai hawa biyu da ya kai a yaƙin, kafin ya yi karo da dutse a Eritiriya a Fabrairun 1941. Rundunarsa ce ta faɗa wa filin jirgin Gadarif a gabashin Sudan a Oktoban 1940 ta ƙone jiragen Ingila a ƙasa. Sojojin Najeriya da suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 suka nausa zuwa Harar, sojan saman da ke gabansu waɗannan jirage yake da su. Wanda kakansa ya yi yaƙin Habasha yana da dalilin zaɓar fentin wannan fage, kuma kowanne daga cikin biyun ya dace.

Fenti kansa wani ma'auni ne. CR.32 na kafin yaƙi ruwan azurfa ne tas, da tutar kore, fari da ja a jela. Gwangwanin fenti ɗaya na feshi ya ishe ka, sai dai azurfa ba ta ɓoye aibi, duk inda sanfefa ta tsallake sai ya fito. Na Sifaniya da CR.42 na Italiya da yawa kuwa ruwan yashi ne da ɗigo-ɗigon kore da ruwan ƙasa. Da buroshi kai tsaye ɗigon yakan fito da kaifin baki, ya yi kama da na wasa. Dabarar ita ce ka yagi ɗan soso, ka tsoma, ka matse a takarda har ya kusa bushewa, sannan ka riƙa dangwalawa a hankali. Ka yi wannan kafin ka ɗora fiffiken sama, in ba haka ba hannunka ba zai shiga tsakani ba. Lokacin hunturu kuma ka rufe shi da kwali da zarar ka gama, ƙura ba ta jiran fenti ya bushe.

Alamar da ke fiffiken na Italiya, damin sanduna da gatari, tambarin gwamnatin Mussolini ce, wadda ta mamaye Habasha ta zuba wa mutane iskar guba. Wasu ba sa son ta a ɗakinsu, kuma ina ganin hujjarsu. A nan CR.42 ya fi ba da mafita: kambi uku na Suwidin, wadda ba ta shiga yaƙin ba, ko alamar Beljiyam, wadda ta yi amfani da nata wajen kare kanta daga Jamus a Mayun 1940. Ga CR.32 akwai ta Ostiriya ko ta Sin.

In niyyarka jirgi mai tashi da rimot ne, lissafin ya sake. Mai hawa biyu yakan yi nauyin baya, kuma jirgin da bayansa ya yi nauyi ba ya jin magana. Dogon hancin CR.32 yana ba ka damar tura batir gaba sosai, ma'auni ya daidaita ba tare da ƙarin dalma ba. CR.42 hancinsa gajere ne, amma faɗin zoben yana haɗiye mota da batir ya kuma ba su iska. Ni zan ɗauki CR.32 saboda ma'aunin. Duka biyun suna son kifewa da hanci wajen sauka a kan yashi, kuma kwalliyar da ta rufe tayoyin tana cika da ƙasa. Cire ta. Bakanikan Italiya a Libiya haka suka riƙa yi wa nasu, suka kuma ƙara matatar yashi a mashigar iska a samfurin AS, na arewacin Afirka, don haka ba ka saɓa wa tarihi ba.

Sauran samfuran CR.42 na masu neman abin da ba kowa ke da shi ba ne: na dare mai dogayen bututun hayaƙi, da wanda aka ƙera wa Jamusawa a ƙarshen yaƙi, da guda ɗaya tak da aka sa wa injin Daimler-Benz ya haura kilomita 500 a awa. Ka bar su sai karo na biyu.

Ko wanne ka ɗauka, kada ka manna sandunan ɗaya bayan ɗaya kana fatan su haɗu a sama. Yanka kwali mai kauri gida biyu, ka fitar da gurbin fiffiken ƙasa da na sama a jikinsa da tazarar da zanen ya nuna, har da 'yar gabatar da na sama ya yi wa na ƙasa. Zura fukafukan a ciki su tsaya da kansu, ka fara manna gajerun sandunan da ke kan gangar jiki, ka bar su su kwana. Washegari sai ka auna kowace sandar W a gurbinta, ka rage ta kaɗan-kaɗan har ta shiga ba tare da ka tura ba, daga ciki zuwa waje, hagu da dama bi da bi.